Yadda ake saka rubutu a bidiyo don kurame su bi maganar

Yawancin masu fara wannan aiki suna ɗauka in sun rubuta duk abin da aka faɗa shi kenan an gama, sai ka ga layi huɗu ya cika rabin fuskar waya ya ɓace kafin mutum ya karanta kalma uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 430 ne ke fama da matsalar ji mai tsanani, ga kuma masu kallo a mota ko a ofis da suka kashe sauti, to duk su ake cuta da irin wannan gaggawar.

Fara da rubuta maganar a wuri daban, da hannunka, kana sauraro da abin kunne. Kar ka dogara da manhajar da ke rubutawa da kanta, in maganar Hausa ce gyaran shirmen da za ta kawo maka ya fi rubutun daga farko cin lokaci. Ka saka kibod ɗin Hausa na Gboard don ƙ, ɗ da ɓ su fito daidai.

Yanzu wajen da kowa ke faɗuwa, yanka rubutun da daidaita lokaci. Layi biyu kawai a lokaci guda, kowane layi kar ya wuce haruffa 42, a bidiyon tsaye irin na TikTok ma ni rabin haka nake yarda da shi. Kar rubutu ya yi ƙasa da sakan 1 a fuskar waya, kar ya wuce sakan 7. Sannan ka yanka inda mai magana ya numfasa, ba inda layi ya cika ba, misali "Malam ya ce mu dawo" a sama, "gobe bayan la'asar" a ƙasa, kar ka raba "bayan" da "la'asar". Rubutu ya shigo daidai lokacin da baki ya buɗe, domin kurame da yawa suna haɗawa da kallon leɓe, in ka makara da sakan ɗaya ka rikita su. Idan kana da kwamfuta ka sauke manhajar Subtitle Edit, kyauta ce, tana nuna maka zanen sautin ka ja rubutun ka ɗora a kai. A waya CapCut zai yi, amma ka duba fon ɗin da ka zaɓa, wato salon haruffa, wasunsu ɗan akwati suke nunawa maimakon ƙ.

Kar ka manta da sautin da ba magana ba. An ƙwanƙwasa ƙofa, jariri na kuka, an kira sallah, duk ka rubuta in dai yana da tasiri a labarin. In mai magana ba ya cikin hoto ka sa sunansa.

Ka fitar da fayil ɗin SRT, wato fayil mai ɗauke da rubutun da lokutansa, da tsarin haruffa na UTF-8 ka ɗora a YouTube ko Facebook. Na WhatsApp kuwa ka manna rubutun a jikin bidiyon, fari a kan baƙi.

Makafi kuma bayanin murya suke buƙata. Ka nemo inda aka yi shiru ka faɗi abin da ke faruwa a taƙaice, "ta ɓoye kuɗin a ƙarƙashin tabarma", ba tare da ka hau kan maganar 'yan wasa ba. Bidiyon koyarwa ya fi sauƙi, tun wajen ɗauka ka daina cewa "danna nan", ka faɗi sunan maɓallin. Kafin ka fitar da bidiyon ka kalla sau ɗaya ba sauti, ka saurara sau ɗaya ka kife wayar.