Yadda Ake Gina Burtsatsen Sola Da Ambaliya Ba Za Ta Kashe Ba

Kada a haƙa rijiya a ƙarshen damina, domin a lokacin ƙasa tana ƙoshe da ruwa, mai haƙa zai tsaya a kusa, jama'a su yi murna, amma kafin Afrilu rijiyar ta ƙafe. A bari sai bazara, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa iyakar nisansa. A kudancin Kano, inda dutse ke shimfiɗe a ƙarƙashi, kuɗin gwajin ƙasa don gano inda ruwa yake kafin a haƙa ba asara ba ne, ko da kwamitin gari zai ga kamar ya yi tsada. A yankin Haɗejia kuwa yashi ne, ruwa ya fi sauƙin samuwa. Ko ina ne dai, a nisanta wurin da masai da aƙalla mita 30.

Inda nake son a natsu shi ne bakin rijiyar, domin nan ne garinmu ya yi asara. Wanda ya yi mana aikin ya yanke bututun daidai da ƙasa, ya ɗora murfi, ya tafi. Da ambaliyar 2022 ta zo, ruwan da ya wanke kwatami da garken shanu ya gangara ciki, taɓo ya toshe injin, muka koma ɗibar ruwan kududdufi ana fargabar kwalara. Saboda haka, kafin a zuba siminti, a nemi dattawan gari su nuna a jikin bishiya ko katangar masallaci inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi muni, sannan a ɗaga bututun ya wuce wannan alama da rabin mita ko fiye. Ratar da ke tsakanin bututu da bangon rami kuma a cike samanta da siminti zalla, ba da ƙasar da aka tono ba, kuma mutumin gari ya tsaya a kai har a gama, domin aikin da ake binnewa shi aka fi ha'inci a cikinsa. Dakalin ya zama mai gangara, da magudanar da za ta kai ruwa nesa.

Ni dai ban yarda da batir ba; tsada gare shi, kuma zafinmu yana saurin kashe shi. Gara a sayi babban tanki, a tara ruwa da rana a sha da dare. Faifan sola su fuskanci kudu, a ɗaga su sama, a riƙa goge musu ƙura a hunturu. A sa na'urar da ke tsayar da injin idan ruwa ya ja baya.

Tun ranar buɗewa a yanka ɗan kuɗi a kan kowace jarka, a damƙa littafin ga mutum biyu, ɗaya daga cikinsu mace, a riƙa karanta lissafin a gaban dagaci duk ƙarshen wata.