Yadda za ka riƙe shagon sassaƙa ƙarfe na gida har jikoki su same shi

Duk wanda ya taɓa shiga Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san Allah ya ba mu masu hannu, ka kai wa mutum shaf ɗin da ya cinye, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya juya shi ya kalla, ya ɗora wani ƙarfen a kan lez, injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, kafin la'asar ya miƙo maka sabo. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne da wuya shagon ya wuce mutum ɗaya. Oga na rasuwa sai a kasa injina a rabon gado, a sayar, yaran shago kowa ya kama gabansa, wahalar shekara talatin ta bi ruwa.

Akwai wani gida a Japan da nake yawan kawo wa mutane misali da shi. A 1919 Sadakichi Yamazaki ya buɗe ɗan ƙaramin wurin aikin ƙarfe a birnin Nagoya, ya yi ta ƙera injinan saƙar tabarma, sai wajen ƙarshen shekarun 1920 suka shiga ƙera lez. Ɗansa Teruyuki ya karɓi ragama a 1962, a hannunsa suka buɗe masana'anta a Kentucky ta Amurka a 1974, wata kuma a Worcester ta Ingila a 1987, jikan mai suna Tomohisa ya hau kujerar a 2001. Su ne Mazak ɗin nan da kake ganin sunansu a jikin manyan injina. Kowane ɗa da ya zo bai sayar da abin da ya tarar ba, ɗori ya yi a kai, kuma matakan da zan faɗa maka babu wanda ya fi ƙarfin mai lez ɗaya.

Ka fara da awo, don awon shi ne hajarka, ƙarfe kam kowa na iya saya. Baniya, ma'aunin nan mai baki biyu da ake zugewa, ba laifi wajen aikin yau da kullum, amma in mazaunin boris za ka yi to sai da maikuromita, ma'aunin da ake murzawa, wadda ke nuna maka har 0.01 na milimita, ka tuna kaurin silin gashin kai ma kusan 0.07 ne. Ɗauki boris mai lamba 6210, raminsa milimita 50 ne cif, mazaunin da aka saba yi masa a jikin shaf kuwa tsakanin 50.002 ne da 50.018, ka ga ashe duk filin da kake da shi bai kai kwatan gashi ba. To ga inda ake yawan faɗuwa: ƙarfe na buɗewa in ya ɗau zafi, kusan 0.012 na milimita a kowace mita kan kowane digiri ɗaya, shi ya sa a duniya aka tsayar da digiri 20 a matsayin zafin da ake awo. Shaf mai milimita 50 in ya fi ƙa'ida zafi da digiri 30 ya ƙara wajen 0.018, wato ya cinye filin gaba ɗaya. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro yana sauke shaf daga lez da zafinsa har yana yarfe hannu, ya auna ya ce Oga ya yi daidai, ƙarfen na hucewa aka zura boris sai ga shi ya shige zuruf babu ko tirjiya, aka yi asarar ƙarfe aka yi asarar wuni, kwastoma kuma yana zaune a benci yana kallo. Don Allah ka bar aiki ya huce kafin awon ƙarshe, ka goge bakin maikuromitar da tsumma mai tsabta, ka duba ta koma sifiri kowace safiya, kuma kada ta kwana cikin ɓarɓashin ƙarfe tare da sifana.

Sai rubutu. Ka sayi babban littafi mai kwali, duk aikin da ya shigo a zana shi ko da zanen hannu ne, a rubuta awonsa, irin ƙarfen, gudun da aka sa wa injin, da kuɗin da aka caja. Yawancin ogoginmu ilimin duk a ka yake, kuma wallahi wannan shi ke kashe shago, saboda ranar da ba ka nan ɗanka zai koma lalube kamar baƙo. In da littafi, mai injin casar shinkafa ya dawo bayan shekara biyu, shafi kawai za a buɗa.

Aljihun shago daban, na cefane daban. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowa, ragowar riba ta koma cikin aiki: sabbin haƙoran yanka, cak mai kyau (abin da ke damƙe ƙarfe a kan lez), daga baya injin milin mai sassaƙa ƙarfe da haƙori mai juyawa.

Maganar ’ya’ya kuwa, kada ka ɗora yaro a tebur don kawai ɗan Oga ne. Ya fara da shara da shafa wa injin mai, ya koyi wasa haƙori, ya ci faɗa wurin manyan yaran shago, sannan ka tura shi kwalejin fasaha ko foliteknik ya iya karanta zane da kwamfuta, ya dawo da abin da kai ba ka da shi. Kuma kada ka cire mata a lissafi, kamfanin Trumpf na Jamus da ya faro tun 1923, ’yar gidan Nicola Leibinger-Kammüller ce ta karɓi shugabanci daga mahaifinta a 2005. Ko ’yarka ba ta taɓa lez ba, tana iya riƙe littafin kuɗi da bin bashi.

Batun gado fa tun kana da rai ake gyara shi. Ka yi wa shagon rijistar kamfani da CAC, hukumar rijistar kamfanoni, ka zauna da malamin da ya san rabon gado da kuma lauya, a tsara yadda kowane magaji zai samu haƙƙinsa na shari'a a matsayin hannun jari, ana ba shi ribarsa duk shekara, wanda ya matsu sai ya fita ’yan'uwa su sayi kasonsa, injina na nan a kafe.

Injin CNC mai aiki da kwamfuta shi ne burin kowa yanzu, ni ma ina so ka kai can, amma kada ka yi gaggawa. Su Yamazaki sai 1981 suka fito da Mazatrol, tsarin da ma'aikaci ke amsa tambayoyin injin a allo maimakon rubuta dogayen lambobi, bayan shekara sittin da ɗoriya suna kan hanya. Kafin ka ci bashinsa ka tabbatar kana da kwastoman da ke son abu iri ɗaya guda ɗari ko ɗari biyu duk wata, da wuta mai layi uku wadda ba ta rawa ko janareta mai ƙarfi da sitabilaiza, da ɗaki mai rufi da ƙurar hunturu ba ta shiga, sannan ka tambayi mai sayarwa gaba da gaba waye zai zo gyara in allon ya ɗauke, kuma kwana nawa kayan gyaran ke yi kafin su iso.