Yadda ake nemo bayanan Facebook da Gmail daga Amurka idan an damfare ka

Mutane da yawa sun ɗauka da ka kai ƙara caji ofis DPO zai buga ma Facebook waya su turo mai komai, ina! Bayanan nan suna hannun kamfani ne a Amurka, kuma umarnin kotun Kano ko Kaduna shi kaɗai baya tilasta musu komai a can. Akwai hanya amma sai an bi ta a jere.

Abu na farko, tun kafin ka fita gida ka ɗauki sikirinshot na hirar, ka kwafi link ɗin shafin mutumin da lambar wayarsa da risit ɗin tiransifa, don sunan da ya sa a shafi yau gobe zai iya canza shi. Kai ƙarar ga EFCC ko cibiyar 'yan sanda mai kula da laifukan intanet da ke Abuja, sun fi ƙaramin ofishin unguwa sanin wannan aikin.

Sai ka matsa ma mai binciken ya fara tura buƙatar a killace bayanan, wannan shi ne abin da ake yawan sakaci da shi wallahi. Meta mai Facebook da Google mai Gmail duk suna da shafi na musamman da jami'an tsaro ke shigar da buƙata, kuma ana riƙe bayanan kwana 90 kafin takardu su iso. Killacewa ba bayarwa bace, amma ko ɗan damfarar ya goge asusun daga baya abin na nan.

Toh bayanan kala biyu ne. Sunan da aka yi rajista da shi, imel, da lambar IP (lambar da ke nuna hanyar intanet ɗin da mutum ya hau da ita), waɗannan kamfanin kan iya bayarwa kai tsaye in ya gamsu da buƙatar, kuma sau da yawa sun isa, don in lambar IP ɗin ta Najeriya ce sai a koma kamfanin layin waya, wanda dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta ma ajiye irin wannan bayanin shekara biyu, daga nan a kai ga layi da NIN.

Ainihin saƙonnin ne jan aiki. Dokar Amurka ta 1986 ta hana kamfani miƙa su haka kawai, sai a bi yarjejeniyar taimakon juna ta Najeriya da Amurka, takarda ta tashi daga mai bincike zuwa ofishin Antoni Janar, daga can ma'aikatar shari'ar Amurka, sannan alƙalinsu ya sa hannu in ya ga hujja. Watanni ake yi, wani lokaci har shekara. Birtaniya da Ostireliya sun samu gajeriyar hanya ƙarƙashin wata dokar Amurka mai suna CLOUD ta 2018, mu bamu ciki, sai dai shigarmu yarjejeniyar Budapest, ta ƙasashe kan laifukan intanet, a 2022 ta sauƙaƙa maganar killacewa.

In akwai rai a haɗari, kamar garkuwa da mutum, akwai buƙatar gaggawa da ba a jiran duk wannan. In kuma ƙararka ta zagi ce kawai kar ka sa rai sosai, Amurkawa na kallon yawancinsa a matsayin 'yancin magana. Hirar WhatsApp kuwa kamfanin ma baya iya karanta ta, wadda ke wayarka ita ce hujjar, don haka kar ka goge, kar ka sayar da wayar.