Darasi na Tara: Kwanakin Jinya Bayan Dashen Ɓargo

A cikin ƙashin mutum akwai ɓargo, kuma a nan ake ƙera jini. Cikin ɓargon akwai wasu ƙwayoyi da za mu kira iyayen jini, domin su ke haifar jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan da ke sa jini ya tsaya idan an ji rauni. Idan sankarar jini ko sikila ta lalata wannan aiki, likita na iya ba da shawarar dashe. Ana samo iyayen jinin daga jikin majinyacin kansa, ko daga wani da ƙwayoyin jikinsu suka dace, sau da yawa ɗan'uwa.

Mutane na jin kalmar dashe sai su ɗauka fiɗa ce. Babu wuƙa a ciki. Da farko ana ba majinyaci kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, mai ƙarfi na kwanaki, don a share tsohon ɓargo. Sannan a rataya leda, a sa ƙwayoyin ta bututun da aka dasa a ƙirji, kamar ƙarin jini. Wannan rana ita ake kira rana ta sifiri, daga ita ake fara ƙirga. Idan ƙwayoyin an daskarar da su ne, ɗakin kan ɗauki wari kamar na tafarnuwa na kwana ɗaya ko biyu. Maganin adana su ne ke fita ta numfashi, ba abin tsoro ba ne.

Wahalar tana gaba. Tsohon ɓargo ya tafi, sabo bai kama ba, kuma kafin ya kama yakan ɗauki mako 2 zuwa 4. A wannan tsakani fararen ƙwayoyi suna faɗuwa kusan ƙarewa, jiki ya zama gida ba mai gadi. Shi ya sa ake keɓe majinyaci a ɗaki shi kaɗai, kowa ya wanke hannu kafin ya shiga, mai mura kuwa ya gaishe shi ta waya.

Abin da ya fi damun mutane da yawa shi ne baki. Kemo yana saɓe fatar cikin baki da maƙogwaro, gyambo ya fito, har haɗiyar yawu ta zama aiki. Za ka ga mutum ya riƙe kofin ruwa, yana kallonsa, ƙishirwa na cinsa, amma ya kasa kurɓa. Abinci ya daina daɗi, wani ya ce komai ƙarfe-ƙarfe yake ji. Ga tashin zuciya, ga gudawa, gashi na zuba a kan matashi. Ga kuma gajiyar da barci ba ya maganinta, daga gado zuwa banɗaki sai an huta.

Akwai dabarun da ke rage raɗaɗi. Ana kurkure baki sau da yawa a rana da ruwan gishiri, a goge haƙora da buroshi mai laushi. Da wasu magungunan kemo, nas kan ba da ƙanƙara a riƙa tsotsa lokacin da maganin ke shiga, sanyin yana rage gyambon. Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, mai laushi, wanda ba zafi ba yaji. Maganin amai ya fi aiki idan an sha kafin zuciya ta tashi. Ko da ƙarfi ya ƙare, a daure a zauna kan kujera ko a taka 'yan taku cikin ɗaki, domin kwanciya dare da rana tana kashe jiki.

Ni a ganina babban kuskure shi ne shiru. Wasu kan ce ba sa son su dami ma'aikata, sai su danne ciwo. Idan nas ta ce, “Daga sifiri zuwa goma, ciwon nawa ne?” a faɗi gaskiya, da wannan lambar ake auna magani. Zafin jiki da ya kai digiri 38, rawar sanyi, jini a hanci ko dasashi, duk a faɗa nan take, ko tsakar dare ne. Wanda aka ba ƙwayoyin wani ya sa ido kan ƙuraje, gudawa mai yawa ko ido ya yi rawaya, domin sabbin ƙwayoyin kan ɗauki jikin a matsayin baƙo su far masa.

Kaɗaici ma ciwo ne. Addu'a, hira da iyali ta waya, da rubuta adadin fararen ƙwayoyi kowace safiya suna riƙe mutum, musamman ranar da lambar ta fara hawa.

Aikin aji: Ku rubuta alamomi uku da majinyaci zai faɗa wa nas ba tare da jinkiri ba. Sannan ku tattauna: me za ku ce wa ɗan'uwan da ya ƙi cin abinci saboda ciwon baki?