Yadda za ka toshe tallace-tallace a intanet ɗin gidanka gaba ɗaya

Abin da ya fi damuna da tallan intanet shi ne na caca da na hotunan banza da ke faɗowa a wayar yara suna cikin wasan gem. Cin data ma yana nan, amma wannan shi ne ya sa na kafa Pi-hole, wata manhajar toshe talla, a gidanmu a Tudun Wada, kuma ina ganin duk maigidan da ke da rauta ya kamata ya yi.

Ga yadda take aiki. Duk lokacin da waya za ta buɗe shafi, sai ta fara tambayar DNS, wato na'urar da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa na lambobi, adireshin wurin. Talla ma daga wani adireshi daban ake ɗauko shi. Pi-hole tana zama ita ce DNS ɗin gidan, tana riƙe da jerin sunayen masu talla, in an tambaye ta ɗaya daga cikinsu sai ta hana amsa. Tallan ba ya saukowa ma balle ya ci data. Waya, talabijin, kwamfuta, duk wanda ya hau wayfay ɗin gidan ya samu kariya ba tare da an saka masa komai ba. Kuma kyauta ce.

Turawa a kan wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi suke ɗora ta, daga nan sunan ya fito. Ni a Kaduna tsohuwar laftof nake ba mutane shawara, saboda wuta. In aka ɗauke wuta na'urar da Pi-hole ke kanta ta mutu, rauta kuma tana kan batiri, to kowa a gidan zai ga wayfay a haɗe amma babu shafin da zai buɗe. Laftof tana da batirinta. Ko allonta ya tsage ba komai, in dai batirin yana riƙe caji. In kuwa Raspberry Pi kake da ita, ka jona ta a fawa-bank ko inbatar da rautar take kai, su rayu tare su mutu tare.

Ka saka wa laftof ɗin Debian ko Ubuntu, wato nau'o'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Ka haɗa ta da rauta da igiyar netwok, ya fi wayfay tabbas. Sannan ka buɗe fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf ka sa HandleLidSwitch=ignore, don kada ta yi barci in ka rufe murfin. Ka ajiye ta inda iska ke shiga, lokacin hunturu kuma ka riƙa kakkaɓe mata ƙura.

Kafin komai, ka ba ta adireshin IP da ba ya canzawa. Shiga rautarka ta burauza, yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.8.1, yana rubuce a ƙasan rautar. Ka ware wa laftof ɗin lamba ɗaya, misali 192.168.0.10. Daga nan a taminar laftof ɗin, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta wannan don saka Pi-hole:

curl -sSL https://install.pi-hole.net | bash

Zai tambaye ka inda zai riƙa tura tambayoyin da ba na talla ba. Akwai 1.1.1.1 na Cloudflare, da 8.8.8.8 na Google, da 9.9.9.9 na Quad9. Mai yara a gida ya sa 1.1.1.3 da hannunsa, shi ma na Cloudflare ne, yana tare shafukan batsa. Jerin StevenBlack da zai nuna maka ka karɓa, ya isa farawa. Kalmar sirri kuwa da pihole setpassword ake canza ta a sabon zubi na 6.

Yanzu ka koma rauta, wajen DHCP, wato sashen da ke raba wa na'urori adireshi, ka sa adireshin laftof a gurbin DNS. Gurbi na biyu kada ka sa na Google don gudun matsala, wayoyi za su riƙa bi ta can talla ya dawo. Rautocin 4G da yawa da kamfanonin waya ke sayarwa ba su ma ba da damar canza DNS. In taka haka take, ka kashe DHCP ɗinta ka kunna na Pi-hole a shafin sarrafa ta, wato adireshin laftof ɗin da /admin a ƙarshe, misali http://192.168.0.10/admin. Kowa ya kashe wayfay ya sake kunnawa.

Kada ka yi wa iyali alƙawarin tallan YouTube zai ɓace. Ba zai ɓace ba, haka na Facebook da Instagram, domin tallan da bidiyon daga gida ɗaya suke fitowa. Wayar Android da aka sa mata wani Private DNS ita ma tana kewaye Pi-hole, sai ka kashe shi. Wanda ya koma kan datar layinsa kuwa ya fita daga ƙarƙashin kariyar.

Wata rana uwargida za ta ce wani shafi ko manhajar banki ta ƙi buɗewa. Ka rubuta pihole disable 5m, ta dakata na minti biyar. In shafin ya buɗe, ka duba Query Log, wato jerin tambayoyin da ke shafin /admin na Pi-hole, ka nemo sunan da aka toshe a daidai lokacin, ka danna masa izini.