Yadda za ka sa kwamfaila ta ƙirga maka bit da umarni ɗaya

'Yan uwa masu rubuta C, wannan abin ya daɗe yana damuna don ina ganin yaranmu a nan Garwa suna jera madauki mai zagaye 64 kawai don su san 1 nawa ne a cikin bit ɗin lamba, wato in an rubuta ta da 0 da 1, alhali furosesa tana da umarni guda da ke yin aikin, sunansa POPCNT. AMD ta sa shi tun 2007, Intel kuma ta biyo da Nehalem a 2008.

To ga yadda ake yi. Ka rubuta __builtin_popcountll(x) in kwamfailarka, wato manhajar da ke mai da C zuwa yaren na'ura, GCC ce ko Clang, in kuma C++20 ce sai std::popcount. Amma fa a nan ne mutane ke faɗawa rami, wai sun sa tutar -O2, mai sa kwamfaila ta ƙara wa shiri sauri, shi kenan. A'a wallahi. GCC ba ta san wace na'ura za ka kai shirin ba, shi ya sa take ɗari-ɗari ta kira wani aiki na libgcc, ɗakin karatun da ke zuwa tare da ita, mai suna __popcountdi2 maimakon umarnin, sai ka ƙara -mpopcnt ko -march=x86-64-v2 tukuna ta saki jiki. Kar ka yarda da maganata ma, buga gcc -O2 -mpopcnt -S ka buɗe fayil ɗin .s ka nemi popcnt da idonka.

Akwai tsohuwar dabara da nake matuƙar so, x &= x-1, kowane zagaye tana share 1 na can ƙarshe. Ɗauki 13, wato 1101, ta koma 12, ta koma 8, ta koma sifiri, zagaye uku, amsa 3. Sabbin GCC da Clang suna gane wannan madaukin su mai da shi popcnt da kansu in ka ba su izini da -mpopcnt.

Sai dai a yi hattara da -march=native, tutar da ke haɗa shiri daidai da furosesar na'urar da kake kai. Na taɓa haɗa shiri da ita a laftof ɗina na kai wani siba kusa da kasuwa, tsofaffin Core 2 Duo ne duk a wurin, ina dannawa sai ga Illegal instruction, wato furosesar ba ta san umarnin ba, mai wurin yana tsaye a kaina. Core 2 ba ta da POPCNT kwata-kwata, kuma ana iya cin karo da irin waɗannan na hannu a ofisoshinmu. Don haka kafin ka kai, je kan na'urar, in Linux ce, ka buga grep popcnt /proc/cpuinfo, in ba ta nuna komai ba cire tutar -mpopcnt ko -march ɗin ka sake haɗawa.