Yadda ake kula da karen Basset Hound, musamman kunnensa

Wanda ya ga karen Basset kwance, kunne na jan ƙasa, ido kamar na mai gyangyaɗi, sai ya ɗauka rago ne. Karen farauta ne fa. Asalinsa Faransa, Turawan Ingila suka ƙara gyara irinsa a ƙarni na 19. Aikinsa bin sawun zomo da hanci, gajerun ƙafafun kuma don mafarauci ya iya bin sa a ƙafa, ba sai da doki ba. Tsayinsa ba ya wuce santimita 38, amma yakan kai kilo 25 zuwa 30.

Kada ka sake shi waje babu igiya. In ya kama wari, ko za ka yi kira har muryarka ta dishe ba zai waiwayo ba. Duka taurin kai yake ƙara masa. Guntun nama a hannu ya fi sanda aiki.

Inda sababbin masu kiwonsa ke faɗuwa shi ne kunne. Fatar ta rufe ƙofar, iska ba ta shiga, ga shi ramin kunnen kare a lanƙwashe yake, danshi ya shiga ba ya fita. Kowane mako ka ɗaga kunnen ka shinshina tukuna. In ba tsami, ba ja, sai ka zuba ruwan wankin kunne na karnuka, wanda ake samu wurin likitan dabbobi, har ramin ya cika. Ka murza gindin kunnen kamar daƙiƙa 30, za ka ji ruwan na ƙara a ciki. Ka sake shi ya kakkaɓe kansa, amma a tsakar gida, don zai fantsama maka bango. Sannan ka goge da auduga iya inda yatsanka ya kai. Tsinken auduga tura dauɗa ciki yake yi, ruwan famfo kuma danshin da kake gudu ne. Kwalbar ruwan wankin kunnen tana da ɗan tsada, amma ba ta kai kuɗin jinyar kunnen da ya ruɓe ba.

In ka ga yana karkata kai gefe ɗaya, ko ya yi kuka da ka taɓa, kada ka zuba komai. Sai likita ya duba ko fatar dodon kunne ta fashe.

Kwanon abincinsa ya zama mai ƙaramin baki, don kunnuwan su sauka a waje. Abinci sau biyu a rana, da awo, ba gudu bayan ci, saboda cikinsa na iya kumbura ya murɗe, wannan kuwa yana kisa cikin sa'o'i. Ka riƙa shafa haƙarƙarinsa. In ba ka ji ƙashi ba, ka rage abincin. Ƙiba ce ke karya masa dogon gadon bayan nan.

Kwikwiyo ban da tsalle daga kujera ko hawa bene. Kada ka manta da yawo da sanyin safiya ko yamma, yanke farce, duba kaska cikin naɗin fata, allurar ciwon haukan kare. In an bar shi shi kaɗai yini guda, kukansa mai kauri zai haɗa ka da maƙwabta.